Gasar girkin unguwa: yaya aka yi fate ya doke soyayyiyar shinkafa?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da gajiya. Alhamdu lillahi an yi gasar bana lafiya, an tashi lafiya. Ga waɗanda ba su samu zuwa ba: faten tsaki na lamba 7 ne ya zo na ɗaya, masa da miyar taushe ta lamba 3 ta zo ta biyu, soyayyiyar shinkafa da gasasshiyar kaza ta lamba 11 ta zo ta uku. Mata 14 ne suka shiga. Akwai jar kula da ludayi biyu da aka bari a tsakar gidan Hajiya, mai su ta zo ta ɗauka. Tun jiya wayata ba ta huta ba saboda ƙorafi, shi ya sa na ce gara a kawo maganar nan zaure kowa ta amayar da abin da ke cikinta. Amma don Allah ban da cin fuska.

Amaryar Malali:
Wa alaikumus salam Anti. Ni ce lamba 11, ba sai an ɓoye ba. Wallahi ba kyautar ce ta dame ni ba, abin da nake so in sani shi ne da wane ma'auni aka auna. Tun ranar Juma'a na je Bakin Dogo na zaɓo karas da koren wake da tattasai ɗaya bayan ɗaya. Kazar nan kwana ta yi cikin kayan ƙamshi. Ƙarfe huɗu na asuba na tashi. Na yanka kokwamba na jera kamar fure, kowa sai da ya ɗauki hoto. Sai kuma a ce fate, fatan da ake dama wa mai zazzaɓi, shi ne na ɗaya? Haba jama'a.

Bazazzagiya:
Amarya a dai yi a hankali da fate, akwai masu shi a zauren nan.

Bakanuwar Kawo:
To ai ga su nan sun fito. Ni tun da na ji sakamakon na ce a binciki alƙalan, idan ba a samu Zagezagi biyu a ciki ba a canza min suna. Mutanen da ko a gidan biki sai sun tambayi fate.

Bazazzagiya:
Ku da kuka shiga da gurasa bara wa ya hana ku ci? Gurasar ta bushe kamar faifai, har yaran makarantar allo sai da suka nemi ruwa.

Bakanuwar Kawo:
Allah ya isa tsakanina da mai ƙuli-ƙulin da ya sayar min da tsohon kaya. Ban da haka da kin ga aiki.

Maman Biyu:
Ku bar wasan nan tukuna, Hajiya na rubutu.

Hajiya Babba:
Amarya 'yata, ina cikin alƙalai uku, kuma ba zan ɓoye miki komai ba. Ba mu san na wa muke ci ba, lamba kawai muke gani a jikin kula, takardar sunaye kuma tana hannun Malama a ɗaki. Abincinki ya fi na kowa kyan gani, wannan babu gardama, makin ado duka muka ba ki. Amma shinkafa huɗu aka kawo mana a ranar, uku soyayyu ɗaya dafa-duka, kuma da za a rufe min ido a ba ni cokali ɗaya daga kowacce, ba zan iya cewa wannan ta wance ce ba. Kori iri ɗaya, ɗunƙule iri ɗaya, har gishirin ya so ya yi yawa a biyu daga ciki. Sannan kin zuba taki a faranti tun ƙarfe goma don a yi hoto, mu kuma ba mu iso kanta ba sai bayan azahar. Man ya kwanta, hantar ta yi tauri.

Fatan nan kuwa, da na buɗe kular ƙamshin daddawa da man shanu ne ya fara tarbata. Tsakin ya nuna luguf amma bai narke ya zama kunu ba, kina jin sa a harshe. Tsamin yakuwa bai yi ihu ba saboda gyaɗar ta riƙe shi, gautan kuma ɗacinsa sai can ƙarshe yake zuwa, kaɗan, daidai yadda zai sa ki ƙara cokali. Waken bai fashe ba. Mu ukun babu wadda ta ce wa wata komai, kawai na ga kowacce ta koma ta ƙara. Ni a nan na san an gama.

Amaryar Malali:
Na gode Hajiya, na ji wannan. Zancen zubawa da wuri gaskiya ne, laifina ne. Amma ku duba, kayan da na kashe wa kuɗi ya ninka na fate sau nawa? Ai tuwon girma miyarsa nama. Idan abin da ake ci kullum a gida shi zai riƙa cinyewa, to me ya sa ake kiran ta gasa?

Gwaggo ta Rigasa:
To ai daga nan aka faro, Amarya. Ke ba ki zo unguwar ba lokacin. Adashi muke yi, duk wadda za a kai wa kwasa sai ta yi abinci, sai gardama ta tashi tsakanin mutum biyu kan wa ta fi iya miyar kuka. Aka ce kowacce ta dafo a ɗanɗana. Kyautar farko bokitin roba ce da sabulu. Daga baya ne aka kai ga turmin atamfa, aka kuma tsayar da ita bayan ƙaramar Sallah idan an gama azumin Sitta Shawwal, don kada a ce wata tana azumi ba ta ɗanɗana gishirinta ba. Sunanta ma gasar girkin gida, ba ta gidan biki ba.

Kuma in kin bi waɗanda suka ci, za ki ga kasuwa ce take zaɓar mana abinci kafin alƙalai su zaɓa. A 2016 da tsutsar nan ta cinye gonakin tumatir, har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, wa ya isa ya yi jar miya? Kowa ta koma kauɗa da na gwangwani. Shekarar tuwon dawa da busasshiyar kuɓewa ne ya ci, da ƙashin saniya da wake a ciki. Matar ta rasu yanzu, Allah ya jiƙanta. Har yau ban ƙara cin miyar kuɓewa mai yauƙin wannan ba, kina ɗaga lomar tana bin ki har baki.

Malama:
Amin ya Allah. Ina tune da ita, a akushi ta kawo tuwon, ta ce roba tana sa tuwo gumi.

'Yar Barno:
Shekarar da ta biyo baya ni na ci da burabusko da miyar alayyafo, kada a manta da ni a tarihi. Kuma har yau akwai masu cewa wai kuskus na saya na turara. Gero ne, ni na surfa, na kai aka ɓarza, na tankaɗe na raba garin da tsakin. Wanda bai yarda ba ya zo Badarawa in yi a gabansa.

Bakanuwar Kawo:
Mun yarda Yaya, kada ki tara mana mutane.

Gwaggo ta Rigasa:
Bayan ke sinasir ya ci, sai alkubus da miyar taushe. 2020 ba a yi ba, kowa na kulle a gida saboda korona, ko Idi ba a fita ba. Da aka dawo a 2021 shinkafar waje ta zama sai wane da wane tun rufe boda da aka yi a watan Agustan 2019, kowa ya koma 'yar gida. A nan dambun shinkafa da zogale ya ci. Dabarar matar ita ce, ta san 'yar gida tana da tsakuwa kuma tana caɓewa in an dafa ta fara, sai ta rairaye ta tas, ta shanya, ta ɓarza, ta turara a madambaci sau biyu. Ya fito warara, ga gyaɗa ga albasa ga soyayyen mai.

Anti Nas ta Barnawa:
Gwaggo kin tsallake ni, ko don ba a unguwar nake kwana ba? 2022 gwaten acca ne ya ci, kuma nawa ne. Ni abin da ya sa nake goyon bayan Hajiya ke nan. Ranar da na kawo shi wasu ko kallon kular ba su yi ba, ana cewa abincin masu ciwon suga ne. Alhali mu a Kudancin Kaduna da shi muka tashi. Wahalar acca ba a tukunya take ba, a wanki take. Ƙwayar ƙanana ce kamar yashi, yashin kuma yana ciki, sai kin sa ƙwarya biyu kina rairaya kina juyewa, kina duba gindin ƙwaryar, har sai kin ga babu ko ɗigo. Kakata takan ce in haƙori ya ji ƙaras sau ɗaya, an gama da mai girkin. Wannan aikin ba ya fitowa a hoto, Amarya. Shi ne matsalar.

Amaryar Malali:
Anti Nas ban raina aikin kowa ba wallahi. Amma ku ma ku yi mana adalci. Mu da muke sana'ar abinci a waya, hoton nan shi ne shagonmu. Babu wadda za ta ba ni aikin suna ko kamu don ta ji labarin ɗanɗano, sai ta gani a Instagram tukuna. Kuma yaran yanzu in kika ajiye musu fate da shinkafa, kin san inda hannunsu zai je. Idan kiɗa ya canza ai rawa ma sai ta canza.

Bazazzagiya:
Yaran wa? Nawa dai har faɗa suke a kan ƙanzon tukunyar fate.

Maman Biyu:
Nawa kam taliyar leda za su zaɓa a kan duka biyun, kada mu yaudari kanmu. Amarya tana da gaskiya ta wannan gefen. Ni kaina na lura 'yan matan da suka zo kallo duk wajen teburinta suka taru suna tambayar yadda ta gasa kazar ba tare da ta bushe ba. Babu wadda ta je ta tambayi yadda ake fate.

Hajiya Babba:
To ai shi ya sa ba zan so a mayar da gasar ta hoto ba. Kazar za su koya a waya ko ba mu. Wa zai koya musu kwaɓin masa? Lamba 3 da ta zo ta biyu, maki ɗaya ne tsakaninta da ta ɗaya. Na ɓara masar nan biyu, cikinta duk ƙofofi kamar saƙar zuma, bayanta ja, gefen yana ƙaras, ba ta sha mai ba. Wannan sai wadda ta san hannun ƙullunta, ta san lokacin da ya tashi da lokacin da ya wuce ya yi tsami, ta kuma san wutar tanda. Da yawa yanzu sai su cika yis da sukari, masa ta kumbura a ido, kina ci kamar soso.

Kawu Direba:
Salamu alaikum iyayen gida. Ni dai ƙorafina ɗaya ne. Shekara nawa ina kwasar kuloli daga Rigasa zuwa Tudun Wada, daga Kawo zuwa Tudun Wada, miya na zubar min a but, amma ko sau ɗaya ba a taɓa cewa Kawu zo ka zauna a kujerar alƙali ba. Alhali mu ake dafa wa abincin nan.

Gwaggo ta Rigasa:
Kai da kowace kula ka buɗe sai ka ce wannan ce ta ɗaya? Kuma kai ne ka san kular kowa, ina sirri?

Kawu Direba:
Shi ke nan Yaya, a ci gaba da ba ni ƙanzo. Amma a rubuta, shinkafar Amarya ni na cinye ragowar kuma ban ga aibinta ba.

Amaryar Malali:
Allah ya saka da alheri Kawu, kai kaɗai ne nawa.

Malama:
Ni inda hankalina yake daban ne. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 komai ya tashi, kuɗin mota zuwa kasuwa ma kansa abin lissafi ne. A 2024 mata shida ne kawai suka shiga, kuma da na bi wasu gida na tambaya, amsar ɗaya ce: ba za su iya sayen kaza don gasa ba alhali yara na jiran na dare. Shekarar ce ɗanwake ya ci, kun tuna, da mai da yaji da dafaffen ƙwai, sai zoɓon da babu citta sosai saboda cutar da ta lalata gonakin citta a wajajen Kachia da Jaba ta sa ta yi tsada. Da aka ga ɗanwake ya ci, sai mata suka dawo, don sun gane ba sai mai kuɗi ba. In muka bar gasar ta zama ta wadda ta fi kashe kuɗi, za mu koma mu shida, daga nan mu koma mu uku. Shawarata a sa iyakar abin da za a kashe, kowa ta kawo lissafinta a takarda.

Bakanuwar Kawo:
Malama wa zai tantance lissafin? Wata za ta ce kazar ta gidanta ce, man shanun kuma daga ƙauye aka aiko mata. A Kasuwar Barci da Kasuwar Gumi ma farashi ba ɗaya ba ne, balle wadda ta bari sai ranar Talata ta saya a Kawo.

Malama:
Gaskiya ne, ban yi tunanin wannan ba. To ko a haɗa kuɗin shiga a sayo kaya iri ɗaya a raba wa kowa?

'Yar Barno:
Sai kowa ta dafa abu ɗaya ke nan. Ni ina zan sa gerona?

Anti Nas ta Barnawa:
Tunda ana gyara, ni ma ga tawa. A rage ɗunƙule. Ba na cewa a hana, amma mace ta jefa takwas a tukunya ɗaya sannan ta ƙara gishiri, ga alƙalanmu duk manya ne, wasu na shan maganin hawan jini. Ɗunƙulen nan yawancinsa gishiri ne. A ba da maki na musamman ga wadda ta fito da ɗanɗano da daddawa da kayan ƙamshi.

Amaryar Malali:
Anti daddawar ma ai sai an dace. Ta kalwa ta gaske ta yi wuya, yawanci ta waken suya ce ake sayarwa, ƙamshinsu kuma ba ɗaya ba. Sannan ba kowane miji ne ke son warinta a gida ba, kada mu ɓoye.

Gwaggo ta Rigasa:
Wari? Allah ya shirye ku 'ya'yan zamani. Ki daka ta da citta da masoro da barkono ki soya a mai kafin ki tsaida ruwa, ki ga ko zai ce wari. Ɗanya kuke jefawa a ƙarshe shi ya sa.

Maman Biyu:
To bari in tattara abin da na ji, ku gyara min. Ɗaya, a raba gasar gida biyu, girkin gargajiya da girkin zamani, kowanne da kyautarsa. Biyu, kada a zuba abinci a faranti sai alƙalai sun iso kansa, hoto kuma bayan an ɗanɗana. Uku, maganar iyakar kuɗi da ta ɗunƙule a bar su sai taron wata.

Hajiya Babba:
Ta biyu na yarda. Ta ɗaya ina da ja. Ranar da kuka raba, 'yan mata duk za su tafi ɓangaren zamani, a bar mu tsofaffi muna gasa da junanmu a kan miyar kuka har mu ƙare. Ni na fi son Amarya ta ji haushin nan, baɗi ta shigo da dambu ko funkaso ta yi masa adon da ta iya, ta doke mu a filinmu. Hannun da ya gasa kazar nan ba zai kasa funkaso ba.

Bazazzagiya:
Hajiya kuma wa ya ce dafa-duka ba girkin gida ba ne yanzu? A gidana sau uku ake yin ta a sati. Ta wane ɓangare za a sa ta? Taliya 'yar murji da mai da yaji fa, gargajiya ce ko zamani?

Maman Biyu:
Kin ga irin ta ko. Shi ke nan, ita ma ta ɗayan sai taron wata.

Maman Ummi:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri sai yanzu na samu caji, tun shekaranjiya babu wuta a layinmu. Ni ce lamba 7. Na karanta duka, kuma Amarya wallahi ban ji haushi ba, ni ma da na ga teburinki na ce wa 'yata mu koma gida kawai. Gaskiyar magana ba fate na yi niyya ba. Waina na so yi, gas ya ƙare min daren Juma'a, ƙullun kuma ya wuce ya yi tsami saboda zafi. Da safe na duba abin da ke gidan: tsakin masara, wake kofi ɗaya, gyaɗa, sai yakuwar da ke bayan ɗaki. Gauta da albasa kawai na aika aka sayo. A murhun gawayi na yi, ina tsaye a kansa ina juyawa don kada ya kama. Man shanun ma na maƙwabciyata ne, cokali uku ta ba ni, na soya da albasa na zuba a kai da zan rufe kular.

Bakanuwar Kawo:
Ikon Allah. Mu muna can muna kashe kuɗi.

Amaryar Malali:
Maman Ummi yakuwar kafin tsakin kike sa ta ko bayan ya nuna? Nawa kullum sai ya yi baƙi ya yi tsami da yawa.

Maman Ummi:
Bayan ya kusa nuna. Wake da gyaɗa da daddawa su fara shiga, sai tsaki, ganye a ƙarshe. In yakuwar ta tsufa ki zuba mata ruwan zafi ki tsiyaye kafin ki sa, ki haɗa da ɗan alayyafo. Kuma kada ki rufe tukunyar ruf bayan kin sa ganyen. Ki zo gida ranar Asabar mu yi tare, ke kuma ki nuna min kazar, maigidan tun jiya yake min zancenta.

Amaryar Malali:
In sha Allahu zan zo. Anti Maman Biyu, jar kular nan tawa ce, haushi ne ya sa na tafi na bar ta. Ludayan ba nawa ba ne. Kawu don Allah in za ka shigo Malali ka biyo min da ita.

Kawu Direba:
Babu komai a ciki, na riga na duba.